Ciwon hantar da na ɓoye, da abin da ya sa na ɓoye shi

Assalamu alaikum. Ba zan faɗi sunana ba, ba kuma zan faɗi sunan ƙauyenmu ba, wanda ya daure ya karanta zai gane dalili da kansa. Ni dai ɗan jihar Kano ne, garinmu yana can bayan Wudil, in ka sauka daga kwalta sai ka hau mashin ka yi ta shan rairayi kafin ka iso.

An haife ni ƙarshen shekarun 1990, a ɗakin Inna, ungozoma ce ta karɓe ni kamar yadda ta karɓi duk 'yan gidanmu. Allurar rigakafin ciwon hanta nau'in B sai a 2004 aka saka ta cikin alluran yara a Najeriya, kenan ni da sa'annina duk ta wuce mu. Kuma ko da ma akwai ta a lokacin ban jin Baba zai yarda, don ina iya tuna yadda yake korar masu ɗigon shan inna daga zaure, lokacin nan da Kano ta dakatar da rigakafin a 2003 ana ta cewa akwai maganin hana haihuwa a ciki. Likitan gidanmu wanzami ne. Shi ya cire mana beli ranar suna, shi ke yi wa Baba ƙaho, shi ya yi mana kaciya da sanyi, ni da Yayana da yaran maƙwabta a jere a kan turmi, aska ɗaya ce, in ya gama da wannan ya goge a tsumma ya kira na gaba. Babu wanda ya ga laifin haka, har aka yanka mana kaji ana murna.

Toh ga abin da ya fi wuyar rubutawa. Tun da na fara zama saurayi na gane zuciyata ba irin ta abokaina ba ce gaba ɗaya. Ina son mata, ban ƙi su ba, amma ina jin wani abu game da maza wanda na san in na furta shi a garinmu na gama yawo. Na yi azumi, na yi tsayuwar dare, na sha rubutu ba tare da na gaya wa malamin ainihin matsalar ba. Ban zo nan don a yi min fatawa ba, na san abin da malamai suka ce, na fi mai zagina sanin nauyinsa don ni nake kwana da shi. Maganar hanta na zo yi, sai dai ba ta faɗuwa daidai in na cire wannan ɓangaren.

Ina da shekara 21 na fara zuwa ci-rani Kano, dako a kasuwar Dawanau, mu loda riɗi da wake da dawa tun safe har duhu. A can na fara haɗuwa da mutane irina, masu harka kamar yadda muke ce wa junanmu. Wasu 'yan dako ne, wasu masu shago, wasu da matansu da 'ya'yansu. A cikinmu ciwo ɗaya kawai ake tsoro, ƙanjamau, shi ma a raɗa ake ambatonsa. Ban taɓa jin wani ya ce hepatitis, wato ciwon hanta, ba ko sau ɗaya. Kwaroron roba kuwa da yawanmu mun ɗauka na hana mace ɗaukar ciki ne, ina ruwan namiji da namiji, ga kunyar tsayawa gaban mai kemis wanda ya san ba ka da aure. Asibiti kuma wa zai je ya buɗe bakinsa? Dokar da aka sa wa hannu a 2014 ta ce ɗauri har shekara 14 ga wanda ya yi auren jinsi, ga Hisba, ga shari'a, ga abin da ya fi su duka, wato labari ya kai gida. Don haka in abu ya same ka sai dai ka sayi kafso ka yi shiru. A gefe guda kuma ɗakin da muke kwana mu wajen goma ne, reza ɗaya sai ta zaga ɗakin ranar Juma'a, mai yankan farce ya zo da almakashinsa ya bi mu ɗaya bayan ɗaya, wani lokacin har jini ya fito ya danna auduga ya wuce.

Wata shekara bayan girbi jikina ya mutu. Buhun da nake ɗauka da gudu ya koma sai an taimaka min, ƙamshin mai in ana suyar ƙosai sai ya taso min da amai, fitsarina ya koma kalar shayin da ba madara, idona ya yi rawaya. Na dawo gida, Inna ta kalle ni tace "shawara ce ɗan nan", ta hana ni mai da nama, ta jiƙa saiwar rawaya, aka dinga sayo min rake. Bayan 'yan makonni idon ya washe, ƙarfi ya dawo, kowa yace Alhamdulillahi magani ya yi. Na koma Dawanau na ci gaba da rayuwata yadda take.

Sai da aka shekara biyu da wani abu sannan asiri ya tonu, kuma ba ta inda nake tsoro ba. Matar Yaya ce ta zo haihuwa jini ya ɓalle, muka kwashe ta cikin dare zuwa babban asibitin ƙaramar hukuma, aka ce a kawo jini leda biyu. Na miƙa hannu ban ko yi tunani ba. Aka ɗiba kaɗan don gwaji, can sai ma'aikacin ya leƙo ya yafito ni, yace "malam jininka ba zai yi ba". Wallahi ƙafafuna rawa suka kama yi, na ce shi kenan ƙanjamau ne. Yace a'a, hepatitis B ne, ciwon hanta, ka je ka ga likita. Ya faɗa yana rubutu ko kallona bai yi ba, kuma da ƙarfin da na tabbata na bayana ya ji. Na fito na ce wa Yaya jinina bai dace da nata ba ne. Wani ɗan acaɓa aka samu ya bayar, Allah Ya saka masa, ta tashi ita da jaririn.

Ban je wajen likita ba. Wannan shi ne lokacin da ya fi kowanne muni a rayuwata, kuma ciwon bai yi min komai a lokacin ba, tsoro ne ya cinye ni. Na duba a waya na ga an rubuta ana ɗaukarsa ta jini da ta saduwa, kuma maza masu neman maza suna cikin waɗanda suka fi haɗari, ina ganin wannan layin na kashe wayar. A kaina lissafin ya gama fita, in na je asibiti za a tambaye ni ta ina na samu, in na yi ƙarya za su gane, in na faɗi gaskiya za a rubuta a fayil, fayil kuma wani ɗan garinmu mai aikin shara a asibitin zai iya gani. Ina sallah ina kuka ina cewa hukuncina ne ya fara tun daga duniya. Na daina cin abinci kwano ɗaya da ƙannena, in Inna ta tambaya in ce na ƙoshi. Na rame, ba don hanta ba, don rashin barci.

A wannan halin na faɗa hannun masu lasifika na kasuwa. Kun san su, mota da jarkoki, "hanta, ƙoda, basir, sanyi, wata uku ka warke ko a dawo maka da kuɗinka". Abin da ya ja ni gare su guda ɗaya ne, ba sa tambaya. Na sayar da akuyata na sayi jarka biyu na wani baƙin ruwa mai ɗaci, ina sha ina amai ina cewa ciwon ne yake fita. Da na gama na je wani ɗakin gwaji a gari inda ba a san ni ba, sakamako ya fito yadda yake. Na kira lambar mai maganin yace ai sai na ƙara zagaye na biyu.

Abin da ya tashe ni rasuwa ce. Akwai wani babba a cikinmu, tela ne, shi ke ba mu masauki in mun shigo birni, ya ba ka abinci ya ba ka kuɗin mota in ka tsiyace, duk muna ce masa Yaya. Bai kai 45 ba. Cikinsa ya fara kumbura ƙafafu suka biyo baya, danginsa suka ce sammu ne aka yi ta yawon gidajen masu magani, da aka kai shi asibiti daga ƙarshe aka ce hantar ta riga ta gama lalacewa, kuma hepatitis B ne. Na je duba shi na tarar da mutumin da ya cika kujerar keken ɗinki ya koma ƙashi da ciki, ya riƙe hannuna yace "ƙanina ashe ana jin jiki haka". Na kasa ce masa nima ina da shi. Ranar jana'iza mu da muka fi kowa cin arzikinsa a sahun baya muka tsaya, a warwatse, kowa yana yi kamar bai san ɗan'uwansa ba.

Satin da ya biyo na karɓi takarda na tafi asibitin Malam Aminu Kano, ɓangaren masu ciwon ciki da hanta. Tun a mota nake haddace ƙaryar da zan yi. Likitar babbar mace ce, ta tambayi sana'ata, ko an taɓa ƙara min jini, ko wani ya taɓa mutuwa da kumburin ciki a danginmu, ko wanzami ya taɓa min aiki. Sai tace kana da aure? Na ce a'a. Tace akwai wanda kuke tare? Na sunkuyar da kai na yi shiru, ƙaryar da na haddace duk ta gudu. Ta ajiye biro tace "ɗana, ni ba alƙali ba ce. Hanyar da ya shigo ba ta canza maganin da zan ba ka. Amma duk wanda kuke tare da shi, ko waye, ka turo shi ya yi gwaji, in ba shi da shi a yi masa allura." Wannan "ko waye" ɗin da ta faɗa, ban san ko ta gane ba ne ko haka take gaya wa kowa, ni dai na ji numfashina ya dawo.

Ita ta zaunar da ni ta warware min abin. Tace babba in ya kamu, yawanci jikinsa yana korar ƙwayar da kansa cikin wata 6, ƙasa da 5 cikin 100 ne take zame musu ta dindindin, amma jaririn da ya ɗauka wajen haihuwa kusan 9 cikin 10 da ita za su girma, shi ya sa da yawan masu ɗauke da ita a ƙasar nan tun suna yara suka samu ba su sani ba. Tace tana iya zama shekara 20 ko 30 shiru tana cin hanta, mutum yana noma yana dako, sai ranar da ciki ya kumbura ko daji ya fito. Tace ta fi ƙanjamau saurin kamawa nesa ba kusa ba, kuma busasshen jini a kan reza zai iya ɗauke da ita har kwana 7 ko fiye. Amma ba ta bin gumi, ba ta bin musabaha, ba ta bin kwanon tuwo ko butar alwala. Na tuna watannin da na yi ina guje wa kwanon ƙannena a banza. Ta kuma ce binciken da gwamnati ta yi a 2018 ya nuna kusan mutum 8 cikin 100 na manyan Najeriya suna da ita. Juma'ar da ta biyo na tsinci kaina ina ƙirga mutanen sahunmu a masallaci ina raba su.

Aka yi min gwajin ƙanjamau tukunna, don tace dole a san wannan kafin a fara magani, ya fito babu. Aka yi gwajin yawan ƙwayar a jini, wanda tsadarsa sai da ta sa na ci bashi, aka yi hoton ciki. Ba kowa ake ɗora wa magani ba, wasu bibiya kawai ake yi musu, ni dai nawa ya nuna hantar ta fara taɓuwa, aka ɗora ni kan tenofovir, ƙwaya ɗaya kullum. Ta ja min kunne cewa ba ya kashe ciwon gaba ɗaya, danne shi yake yi, kuma in na yanke shi da kaina ciwon zai iya tasowa da ƙarfi. Ta hana ni jiƙe-jiƙe, ta hana ni shan farasitamol barkatai, tace in guji gyaɗa da masarar da suka yi funfuna don gubar da ke ciki tana ƙara haɗarin dajin hanta. Wannan ta ƙarshen ta ba ni dariya mai ɗaci, mu da muke ware mai kyau mu kai kasuwa mu bar wa gida ragowar. Wani abu kuma, maganin nan yana cikin waɗanda ake haɗa wa masu ƙanjamau, don haka ina zuwa gida na juye shi a robar wani magani daban, kar wani mai karambani ya karanta ya ƙara min wani labarin.

Sai maganar "ko waye". Akwai wanda muka daɗe tare, ɗan wani ƙauye ne ta wajen Gaya, na kira shi muka haɗu bayan tasha. Na ce mutumina akwai magana. Ina gama faɗa ya miƙe yace "ka kashe ni, tun yaushe ka sani?" Da na gaya masa sai ya yi tafiyarsa, ya daina ɗaga wayata, kuma ina ganin yana da gaskiya. Bayan kwanaki ya turo saƙo, ina ake gwajin. Na raka shi na tsaya a waje. Ba shi da shi. Na zauna a kan dakali na kasa tashi. Aka yi masa allurar farko a dantse ranar, ta biyu bayan wata 1, ta uku a wata na 6 daga ta farko, kuma sai da na yi ta binsa kan ta ukun don damina ta faɗi ya ce gona ta riƙe shi. Tambayar da aka yi masa a wajen allurar ɗaya ce, me ya sa kake so, yace ɗaki ɗaya yake kwana da mai ciwon, ma'aikaciyar tace ka kyauta, miƙo hannu. Shi kenan fa. Abin da muka shekara muna tsoro kenan.

Daga nan na fara yi wa sauran magana ɗaya bayan ɗaya, ba taro ba, taro a wajenmu haɗari ne. Ina ce musu gwaji tukunna, ɗigon jini ne a yatsa, in babu a yi allura uku a cika su, in akwai a ga likita, a kuma daina raina kwaroron roba don allurar nan hanta kawai take karewa. Wasu sun je. Wani ya fito da shi ya zage ni kamar ni na rubuta masa. Wani yace shi gara bai sani ba. Wanda ya fi damuna mai mata biyu ne da yara, yace in ya kai matansa gwaji me zai ce musu, na ce ka ce wanzami, ka ce reza, duk gaskiya ne ai suna kawo shi, har yau yana cewa sai bayan sallah.

Gida kuma Inna na fara gaya wa, rabin labarin, na hanta. Ta yi salati tace "shawarar nan ce ba ta fita ba?" Washegari na ga ta ware min kofi da cokali, na sha fama kafin ta yarda ba a nan yake ba. Na kwashe su muka je gwaji. Inna babu, ƙannena babu, aka fara musu allura, Baba yana ta faɗan an kawo masa bidi'a gida amma bai hana ba. Yayana na gida kuwa yana da shi. Yaya da muka zauna kan turmi ɗaya gaban wanzami ɗaya, wanda bai taɓa kwana a Dawanau ba. Na daɗe ina juya wannan a raina. Shekarun nan da na yi ina cewa hukunci ne aka yanke min ni kaɗai, ga mutumin da ba ya wuce gona da masallaci da irin takardata a hannu. Na koma na tambayi likita ko kenan tun kaciya ne, tace zai iya yiwuwa, zai iya yiwuwa kuma daga baya ne, babu gwajin da zai nuna ranar. Matar Yaya ba ta da shi, an yi mata allura. Yaron nan da aka haifa daren da aka ƙi jinina, da yake a asibiti ya faɗo, an yi masa allurar farko kafin awa 24 ta cika, wadda yaran da ake haifa a ɗaki a garinmu yawanci ba sa samu sai dai in an kai su bayan suna.

An so a haɗa ni aure da 'yar Kawuna. Tun 2024 doka a Kano ta ce sai an yi gwaji kafin a ɗaura aure, har da na hepatitis B da C, kenan ko na so ɓoyewa ba hali. Na je da kaina na gaya wa Kawu, na yi masa bayanin cewa in ta yi allurarta uku ta cika babu abin da zai same ta da yardar Allah. Ya saurare ni har ƙarshe yace "toh ɗana, bari mu ga abin da Allah zai yi", wanda duk Bahaushe ya san ma'anarsa. Kafin wata ya zagayo labari ya bazu wai ina da ciwon zamani, wasu suka daina miƙo min hannu. Na ji zafi sosai. Amma can ƙasan raina na ji wani sauƙi, don hanta na iya faɗa mata, ɗayan kuwa ban iya ba, kuma ban ga yadda zan zauna da yarinyar mutane da rabin gaskiya ba. Inna tana ta neman wata, ni ina ta cewa a bari in ƙara samun lafiya.

Yanzu na bar dako, likita ba ta hana ni ba, ni ne na ga gara in zauna kusa da gida, ina noma ina ɗan saye da sayar da hatsi ranar kasuwa. Ina shan ƙwayata bayan isha'i, kowane wata 6 ina komawa a duba jini a yi hoton ciki, gwajin baya ya nuna ƙwayar ta kwanta sosai. Da aka zo kaciyar yaran gidanmu bana na tsaya kai da fata sai dai a kai su asibiti ko kowane yaro da sabuwar reza, wanzamin ya ji haushi yace kakansa ma da askar nan ya yi aiki, na ce na sani Baba, ni ma ita ta yi min. Rigimar da nake ciki yanzu da Yaya ce, tun gwajin farko bai koma ba, yace shi lafiyarsa ƙalau ba zai sayar da buhun gero don a shafa masa mai a ciki a kalli talabijin ba. Na ware buhu ɗaya daga nawa na ajiye a ɗakin Inna, na gaya mata na kuɗin hotonsa ne, ita za ta san yadda za ta yi da shi ya shiga mota.